29 ga Yuli: ranar da ta kawo Gowon, ita kuma ta tafi da shi

Sadiq Kongo: Salamu alaikum 'yan gida. Yau 29 ga Yuli, kuma ni duk shekara in ranar nan ta zagayo sai na tsaya na yi mamaki. 29 ga Yuli 1966 sojojin Arewa suka yi juyin mulkin ramuwar gayya, aka kashe shugaban ƙasa Janar Aguiyi-Ironsi a Ibadan tare da mai masaukinsa Laftanar Kanar Adekunle Fajuyi gwamnan Yamma, daga nan mulki ya faɗa hannun Gowon. Sai kuma 29 ga Yuli 1975, shekara tara cif ba daɗi ba ragi, aka tuntsurar da Gowon ɗin yana Kamfala wajen taron ƙungiyar haɗin kan Afirka, Murtala ya hau. Kuma su biyun duk nan Zariya suka yi makaranta. Wai a ganinku dace ne ko da gangan aka zaɓi ranar?

Nura PZ: Wa'alaikumus salam. Kai Sadiq da safen nan ko koko ban sha ba ka fara mana lacca

Sadiq Kongo: Sha kokonka ka dawo, ba gudu za mu yi ba

Malam Tanimu Ƙofar Doka: Gyara kaɗan Sadiq. Gowon bai hau ranar 29 ba, sai 1 ga Agusta ya yi jawabi a rediyo. Kwana uku ƙasar nan ba ta da shugaba, ana can barikin Ikeja ana ta ja-in-ja, wasu daga cikin sojojin Arewa ma araba suke so kowa ya kama gabansa, kuma Murtala na cikin masu zafi a lokacin. Birgediya Ogundipe ne mafi girman muƙami bayan Ironsi amma sojoji suka ƙi bin umurninsa, dole ya janye. Shekarar Gowon 31 kacal, ko aure bai yi ba.

Nura PZ: 31?? Ni ga shi ina 34 har yanzu Hajiya ce ke saya min data in wata ya yi nisa

Maman Ilham: Allah ya shirye ka Nura 😂

Sadiq Kongo: Na karɓi gyara Malam. Amma tambayata na nan, dace ne?

Malam Tanimu Ƙofar Doka: Ni dai a nawa ganin ba lissafin kalanda suka yi ba, jira suka yi mai gida ya bar gari. Taron Kamfala ne ya ba su ranar. Wanda ya yi sanarwa a rediyo ma Kanar Joe Garba ne, shi ne kwamandan dakarun da ke tsaron Gowon ɗin kansa, ɗan yankinsu kuma. Ka ga in mai gadinka na cikin shiri ai ba sai an duba wata rana ta musamman ba.

Auwal Bakano: Ni kuwa na ce da gangan ne. Mutanen da suka yi na 66 kusan su ne suka dawo a 75, ko dai sun kitsa ko sun ci gajiya, Murtala, Ɗanjuma, su Shehu 'Yar'aduwa, za ka ce min ba su san ranar ba? Kamar cewa suka yi ranar da muka ba ka ranar za mu karɓe abinmu.

Malam Tanimu Ƙofar Doka: Sanin ranar daban, zaɓarta daban. Da taron ya kama 5 ga Agusta kana jin za su yi shi yana zaune a fadarsa ta Dodan Barak a Legas don kawai kwanan wata ya yi daidai?

Auwal Bakano: Malam ai Murtala ba ya tsoron kowa, namu ba irin naku ba ne

Nura PZ: To fa, Bakano ya fara. Namu ɗin ne dai suka koya masa karatu a Barewa, da ba don Zariya ba da yana Kurmi yana awon atamfa

Auwal Bakano: Ku da har yau ba ku bambance mace da namiji a magana, "matana ya zo", ku ne za ku koya wa wani karatu

Maman Ilham: Admin a cire Bakanon nan don Allah, baƙo ne ya fi mu baki

Baba Iro Tudun Wada: Assalamu alaikum yarana. Jikana ne ke rubuta min ina faɗa, idona ba ya ganin ƙananan rubutun nan. Duk biyun da idona na gani, wato dai da kunnena na ji. Na 66 ina yaro shekara goma sha biyu, ranar Juma'a ce. Abin da ku yara ba za ku gane ba shi ne yadda zukata suke a shekarar nan. A watan Janairu an kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, an kashe Tafawa Ɓalewa, an kashe Birgediya Maimalari da Kanar Kur Muhammadu da Largema da Pam, manyan hafsoshinmu kenan, kuma waɗanda suka yi kisan aka kama su aka ajiye ba a yi musu shari'a ba. Sai Ironsi ya kawo doka mai lamba 34 a watan Mayu ya ce ya rushe jihohi ƙasa ta zama dunƙule ɗaya, mutane suka ce shike nan an zo a ƙwace mana aikin gwamnati. Nan aka fara araba. To da labarin Ibadan ya iso, gaskiya mutane da yawa murna suka yi, ba zan ɓoye muku ba. Amma ni abin da ya zauna min a rai ba murnar ba ce.

Sadiq Kongo: Muna jin ka Baba, Allah ya ƙara lafiya

Baba Iro Tudun Wada: Mahaifina tela ne, yana da aboki Ibo a Sabon Gari da yake sayen zare da maɓalli a wurinsa, bashi ma yake ba shi har sai bayan sallah. Da abu ya sake ɓaci wajen ƙarshen damina, cikin watan tara zuwa na goma, mutumin nan da matarsa da yara uku kwana biyu suka yi a ɗakin da muke ajiye dawa, innarmu na miƙa musu tuwo ta taga, mu yara an ce duk wanda ya buɗe baki a waje sai an yanke masa kunne. Dare na uku baba ya sa masa babbar riga da hula, matar aka lulluɓe ta da mayafin innarmu, aka raka su tashar jirgin ƙasa. Ƙaramin yaron ya bar takalminsa ɗaya a ɗakin, na roba ja, ya fi shekara yana nan kan buhu ba wanda ya taɓa. An kashe mutane da yawa da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, 'yan kasuwa da ma'aikatan reluwe da ba su taɓa riƙe bindiga ba. Duk mai ba ku labarin 29 ga Yuli ya tsaya a kan ramuwa bai faɗi abin da ya biyo baya ba, rabin labari ya ba ku. Shekara ba ta cika ba aka shiga yaƙin basasa, wata talatin ana yi.

Maman Ilham: Innalillahi. Baba sun dawo kuwa?

Baba Iro Tudun Wada: Shi ya dawo bayan yaƙi, a 71, ya rame kamar ba shi ba. Da yara biyu. Ba mu tambaya ba shi ma bai faɗa ba.

Nura PZ: Kai. Na ajiye wasa.

Grace Wusasa: Sannu Baba, mun gode. Mu a Wusasa ai Gowon ɗan gida ne, nan ya tashi, iyayensa 'yan Angas ne daga wajen Fankshin aikin mishan ya kawo su, ya yi firamare a St Bartholomew kafin ya wuce kwaleji. Kakata har ta rasu Yakubu kawai take ce masa, ba Janar ba komai. Abin da nake so a tuna masa shi ne da aka cire shi bai ce a zubar da jinin kowa ba, a Kamfala ya kira 'yan jarida ya ce ya amince, ya yi wa sabuwar gwamnati fatan alheri, ya tafi Ingila ya koma aji a jami'ar Warwick har ya yi digirin digirgir. Wa ka taɓa gani ya yi shekara tara yana mulkin ƙasa ya koma bin layin abinci da ɗalibai?

Auwal Bakano: Anti Grace ba a ƙi ba mutumin kirki ne, amma kirki ba ya sauke siminti. Jiragen ruwa ɗaruruwa sun yi cirko-cirko a tashar Legas da siminti ana biyansu kuɗin jira, gwamnoninsa sun zama sarakuna ba mai taɓa su, ƙidayar 73 ta zama rigima, sannan 1 ga Oktoba 1974 ya fito ya ce alkawarin miƙa mulki a 76 ba zai yiwu ba. To me ake jira

Grace Wusasa: Shi ne kuma ya ƙirƙiro jihohi 12 a 67, ya riƙe ƙasar ba ta tsage ba, ya kawo bautar ƙasa da naira a 73. Kai da kake cika baki a ina ka yi bautar ƙasa, ba nan aka turo ka ka ƙi komawa ba

Nura PZ: Wayyo Anti ta gama da shi 😂😂

Baba Iro Tudun Wada: Na 75 kuma ina ƙaramin akawu a wani ofishin gwamnati. Da safe muka ji kiɗan soja a rediyo maimakon labarai, kowa ya san abin da ake nufi. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba a nan, kasuwa ma ta ci. Gwamnanmu na jihar Arewa ta Tsakiya Abba Kyari aka sauke shi da sauran gwamnoni duka, aka kawo Usman Jibrin. Abin da na fi tunawa shi ne bayan sati biyu ƙarfe bakwai da rabi kowa na kan kujerarsa, har masu zuwa sha ɗaya da. Sai kora ta fara, a rediyo za ka ji sunanka, imidiyet ifek, ma'aikata sama da dubu goma a faɗin ƙasa. Akwai ɓarayi a ciki ba shakka. Amma shugaban sashenmu mutum ne da ko biro na ofis ba ya kai wa gida, wani ya rubuta masa takardar ƙarya, shike nan, saura shekara biyu ya yi ritaya. Na gan shi daga baya yana sayar da kalanzir a ƙofar gidansa. Daga lokacin ne ma'aikaci ya koyi cewa kujera ba tabbas, gara ka tara tun kana kai. Ina son Murtala har gobe, na yi kuka ranar da Dimka ya kashe shi, amma wannan ita ma gaskiya ce.

Auwal Bakano: Baba na yarda da wannan. Amma kwana wajen 200 kacal ya yi, ya mai da jihohi 19, ya tsayar da maganar Abuja, ya soke ƙidayar, ya sa ranar miƙa mulki 1979 kuma aka cika. Wasu shekara takwas suke yi ba ka iya nuna kwalbati ɗaya

Zee Samaru: Ku dai maza ba ku da zance sai soja da juyin mulki. Yau ce fa ranar bikin Yarima Charles da Diana, 29 ga Yuli 1981 a majami'ar St Paul a Landan, tana da shekara 20 shi 32, an ce mutum wajen miliyan 750 suka kalla a talabijin. Mamana ta ce a gidan wani lakcara a kwatas suka taru suka gani, mata sun fi ashirin a falo ɗaya ana ta salati saboda tsawon jelar rigar

Maman Ilham: Biki na duniya aure na Allah. Ina aka ƙare, saki a 96, shekara na zagayowa ta rasu a haɗarin mota a Faris. Kishiyar da ake ɓoyewa ita ce yanzu sarauniya

Zee Samaru: Wlh Maman Ilham abin nan na min ciwo har yau kamar yayata ce

Nura PZ: Tunda an koma haihuwa da biki, Sanjay Dutt ma yau aka haife shi, 1959. Ɗan Sunil Dutt da Nargis. Mu da muka tashi a gidan kallo ai ya fi mana su Diana

Malam Tanimu Ƙofar Doka: Wanda aka ɗaure kan mallakar makamai bayan hare-haren bam na Bombay na 93? Shi ne gwaninka?

Nura PZ: Ya yi zamansa ya fito a 2016 Malam, a bar tone-tone

Sadiq Kongo: Akwai wasu biyu da aka haifa yau da suka shafe mu ta bayan gida. Musolini na Italiya, 1883, wanda ya mamaye Habasha a 1935, kuma sojojin Nijeriya na cikin waɗanda Turawan Ingila suka kai gabashin Afirka suka fatattaki sojojinsa a 1941 har Haile Selassie ya koma gadonsa. Na biyu Dag Hammarskjöld, 1905, ɗan Suwidin, babban sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya da jirginsa ya faɗi kusa da Ndola a 1961 yana kan hanyar sasanta rikicin Kwango. Abin da ya ba ni mamaki, rundunar da aka tura Kwango a zamaninsa, Ironsi ya je, Fajuyi ya je har ya samu lambar yabo, Gowon ya je, Murtala ya je. Duk mutanen 29 ga Yuli sun yi aiki ƙarƙashin tutar mutumin da aka haifa 29 ga Yuli

Malam Tanimu Ƙofar Doka: Ka fara zama malamin duba Sadiq. Kwana 365 ne kawai a shekara, mutanen duniya biliyan takwas, kowace rana ka tona sai ka samu irin wannan. Gobe ma 30 ga wata Ingila ta ci kofin duniya a 66, ana can Wembley ana murna mu nan ba mu san wa ke mulkinmu ba

Auwal Bakano: Ku ƙara da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, yau shugabansu Eisenhower ya sa hannu a dokar kafa ta a 1958. Kuma a ina suka kafa tashar bibiyar kumbonsu a farkon shekarun 60? Kano. Ba Zariya ba. Na gama magana

Nura PZ: Su da suka ce sun je wata a 69, har yau ban yarda ba

Zee Samaru: Kai da ko Abuja ba ka taɓa zuwa ba

Hajiya Talatu Gyallesu: Salamu alaikum, ina ta karantawa ina girki. Ni tambaya gare ni ga Baba Iro da Malam, kar ku yi min dariya. A takarduna duka an rubuta 1 ga Janairu 1977, hedimasta ne ya yanka min ranar da aka kai ni aji ɗaya, ya sa na ɗora hannu bisa kai na taɓo kunne ya ce shekara shida. Amma innata kullum cewa take ranar da soja suka yi juyi aka haife ni, babanmu ya fita neman ungozoma ya tarar da mutane sun yi cincirindo wajen rediyon mai shayi. Yayana ya ce ranar da aka kashe Murtala ne. Inna kuma ta tsufa, in na tambaye ta wane juyin sai ta ce ita ina ta sani, soja dai

Baba Iro Tudun Wada: 'Yata tambayi innarki abu biyu. Ana ruwa ko ana sanyi? Sannan me aka ba ta ta ci

Hajiya Talatu Gyallesu: Bari na leƙa ɗakinta

Nura PZ: Yau za a yi wa Hajiya bazday dole

Maman Ilham: Mu duk 'yan 1 ga Janairu ne ai, a ajinmu mu goma sha ɗaya ne rana ɗaya kamar 'yan kaji

Hajiya Talatu Gyallesu: Na dawo. Ta ce ruwa aka kwana ana yi har zanan bayan gida ya faɗi, ungozoma da ƙyar ta tsallako kwata. Ta ce sabuwar masara ta fara shigowa, ta roƙa a gasa mata kakata ta hana ta ce sai kunun kanwa. Kuma wai tsofaffin gidan na azumi

Malam Tanimu Ƙofar Doka: To Hajiya an gama. An kashe Murtala 13 ga Fabrairu 1976, rani ne, ba ruwa ba ɗanyar masara. Kuma Juma'a ce, da ranar aka haife ki da Jummai za a ce miki. 29 ga Yuli 1975 kuwa Talata ce, na duba yanzu, kuma ta faɗo cikin Rajab na 1395, watan azumin tsofaffi kenan. Sunanki ma ya riga ya ba da shaida

Hajiya Talatu Gyallesu: La ilaha illallahu. Wato yau ce ranar kenan

Sadiq Kongo: Malam ka ce ni malamin duba, ga shi kai ka buga ƙasa ka fito da ranar haihuwar mutum

Zee Samaru: Hajiya barka!! Ina kek

Hajiya Talatu Gyallesu: Wane kek, ni yanzu lissafi nake, ashe na girmi takarduna da shekara ɗaya da wata biyar. Don Allah kar wanda ya kai zancen nan ofishinmu, saura na ji an ce ritaya ta matso

Auwal Bakano: Imidiyet ifek

Baba Iro Tudun Wada: Ki gasa wa innarki masarar nan yau, ta daɗe tana bin ki bashi. Yaron ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa kuma hadari ya taso ta wajen Kufena, sai an jima.

Hajiya Talatu Gyallesu: Ba ta da haƙoran ci Baba, sai dai na dafa mata